Takarda ce, ƙasida ce, ko ƙaramin ganye?

Tambaya:

Baba Malam, barka da aiki. Ina cikin masu wayar da kan mata masu shayarwa a wani ƙaramin asibiti a nan Jos, ta wajen Anguwan Rogo. An ba mu wani rubutu da Turanci a kan amfanin zogale, aka ce mu mayar da shi Hausa, mu buga, mu raba. A cikinsa kalma ɗaya, "leaflet", ta fito a wuri biyu. A sama tana nufin ita takardar da za a raba, a tsakiya kuma tana nufin ƙananan ganyen zogalen. Da na sa a manhajar fassara ta waya sai ta ba ni "karanta wannan ƙaramin ganye". Abokiyar aikina ta ce in rubuta ƙasida, wani kuma ya ce warƙa. Wanne ne daidai? Akwai kalmar Hausa guda da ta haɗa ma'anar biyu?

Amsa:

'Yata, barka kadai, Allah ya sa wa aikinku albarka. Babu kalma guda a Hausa da ta ɗauki ma'anonin nan biyu, kada ki wahalar da kanki da nemanta. Abin da za ku miƙa wa matan nan takarda ce, abin da ke jikin zogale kuwa ganye ne. Bature ya haɗa su ne saboda a harshensa fallen littafi ma da sunan ganye yake kiransa, sai ya liƙa wa kalmar wata 'yar wutsiya mai nuna ƙanƙanta, ta zama ƙaramin ganyen itace kuma ƙaramar takarda a lokaci guda. Bahaushe bai taɓa kallon takarda ya kira ta ganye ba. Idan kika ce wa mace ta karanta ƙaramin ganye, zuba miki ido kawai za ta yi. Ballantana a bakin samarin yanzu, "ganye" idan ya zo shi kaɗai yakan karkata zuwa tabar wiwi.

Wanda ya ce miki warƙa, da alama ya zauna gaban malamin zaure, kuma maganarsa tana da tushe. A Larabci waraƙa ganyen itace ce, kuma fallen takarda ce. A Suratul An'am, aya ta 59, inda aka ce babu wani ganye da zai faɗi face Allah ya san da shi, kalmar da ta zo ke nan. To amma da ta shigo Hausa sai ta baro itacen a can, ta zo da takardar kawai. Warƙa a wurinmu falle ɗaya ne na littafi, gaba da baya, shafi kuwa fuska ɗaya ce ta fallen. Dalilin da ya sa malamai suka buƙaci kalmar shi ne littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba. Falle-falle ake tara su, a sa tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a jefa cikin gafaka. Don kada su rikice, mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a can ƙasan wanda ya gama. Malami yana iya zare warƙa biyu ko uku ya ba almajiri ya je ya kwafa ya dawo da su. Idan kika samu dama ki shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai tarin irin waɗannan rubuce-rubucen hannu a ajiye. Yawancin takardar da aka yi irinsu da ita daga Italiya take, ta ratso Sahara ta hanyar Tarabulus, kuma idan aka ɗaga ta sama wajen haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku a cikinta.

Kin ga ke nan warƙa yanki ce ta wani abu babba. Wanda ya san kalmar, idan kika ba shi warƙa zai tambaye ki ina sauran littafin. Wanda bai san ta ba kuwa, kuma su ne mafi yawa cikin matan da ke zuwa wurinku, bai ma fahimci me kika ce ba. Ki bar ta a zaure, can take da aiki.

Ƙasida ta fi kusa, shi ya sa na fi jin tsoronta. Asalinta a Larabci doguwar waƙa ce mai amsa-amo ɗaya, irin waɗanda ake rerawa a Maulidi. A ƙasar Hausa malamai sun daɗe suna karantar da jama'a ta hanyar waƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u duk sun yi haka da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma Nana Asma'u ta riƙa tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar su zama malamai, ƙauyuka da waƙoƙin don su koyar da mata. Irin wannan waƙa ba ta wuce 'yan warƙoƙi, tana magana a kan mas'ala guda, tana yawo hannu zuwa hannu. A ganina daga nan ne sunan ya zame daga kan waƙar ya koma kan 'yar takardar da ke ɗauke da ita, har ya kai ga duk wani gajeren rubutu mai zurfi a kan batu ɗaya. Yau idan malamin jami'a ya tashi a taro ana cewa ya gabatar da ƙasida ko maƙala. Ɗan littafin da ake sayarwa a bakin Babban Masallacin Juma'a a kan hukuncin azumi ko rabon gado, mai shafi goma sha shida ko ashirin da huɗu, an ɗinke tsakiyarsa da waya, shi ma ƙasida ne. Zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, da kamfanin Gaskiya a Zariya sun buga irin waɗannan ƙananan littattafai da yawa a kan tsafta da noma da kiwon lafiya, don manyan da suka koyi karatu su sami abin karantawa.

Saboda haka kalmar tana da nauyi. Duk wanda ya ji ta yana sa ran bayani mai gabatarwa da hujja da kammalawa, abin da za a zauna a karanta a natse. Idan abin da ke hannunku yana da bango da shafuka takwas ko fiye, ki kira shi ƙasida ko ɗan littafi, ba ki yi kuskure ba. Amma idan falle ɗaya ne da aka ninka biyu ko uku, wanda mace za ta soke a jakarta tare da katin awo, kiransa ƙasida kamar ɗaura wa jariri rawani ne. Akwai kuma wata illa da na fi damuwa da ita: macen da karatunta bai yi nisa ba, da ta ji "ƙasida" sai ta ɗauka abin na masu ilimi ne, ta ajiye wa maigida. Ke kuwa ita kike nema.

Saura takarda. Mutane suna raina ta don ta yi yawa a baki, alhali yawan nan nata shi ne ƙarfinta. Tsohuwar kalma ce da ta shigo mana ta hannun Abzinawa, kuma Hausa ta daɗe da gano yadda ake sarrafa ta: a ambace ta, sannan a faɗi aikinta. Takardar shaida, takardar sammaci, takardar saki, takardar ƙuri'a, takardar kuɗi, takardar asibiti. Ba siffar abin Bahaushe yake dubawa ba, ko falle ɗaya ne ko a ninke yake, abin da takardar ta zo yi shi ne sunanta. Ki bi wannan hanyar ba za ki ɓata ba. Wadda ake miƙa wa masu wucewa a Terminus don a tallata sabon shago ko makarantar kuɗi, takardar talla ce. Wadda mai unguwa ko hukuma ta fitar don a san ranar rigakafi, takardar sanarwa ce. Wadda 'yan siyasa ke watsawa lokacin zaɓe, takardar kamfe ce, idan kuma an manna ta a bango ta zama fosta. Siririyar nan mai ƙananan rubutu da ke naɗe cikin kwalin magani, takardar bayanin magani ce, ko kawai takardar cikin kwali, kamar yadda masu kemis ke faɗa. Wadda malami ke raba wa ɗalibai a aji, takardar darasi ce, ko da yake ɗaliban Jami'ar Jos da sunanta na Turanci suke kiranta. Taku kuwa takardar wayar da kai ce, ko takardar faɗakarwa.

A cikin jumla ma ba sai kin jawo dogon sunan ba. "Ki karanta wannan takarda, ko ki ba wani ya karanta miki." Ya wadatar.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake tura ki ga takarda, kuma ya shafi garin da muke. Hausar Jos ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A layin awo guda za ki sami Bahaushiya da Bafulatana da matan Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Mwaghavul, duk da Hausa suke gaisawa suke ciniki. Da yawansu da Hausa suke ibada a coci, tun da an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kalmomin da suka shigo ta karatun allo da zaure, irin su warƙa da ƙasida da maƙala, ba kowa ya taso da su ba. Takarda kuwa babu wadda ba ta san ta ba, daga Gangare har Bukuru. Duk lokacin da kike da kalma biyu a gabanki, ki ɗauki wadda za a gane a kasuwar Farin Gada.

Yanzu mu koma kan zogalen, don a nan ne maganar ta fi daɗi.

Ki tsinko abin da muke kira reshen zogale, wanda mata ke ɗaurewa dami-dami suna sayarwa. Ki duba shi da kyau. Akwai dogon tsinke a tsakiya, daga jikinsa wasu tsinkaye sun fita biyu-biyu suna fuskantar juna, daga jikin waɗannan ma wasu ƙanana sun sake fita, sannan a kansu ne 'yan ganyayyakin nan masu kamar ƙwai suke, kowanne bai fi farcen yatsa ba. A idon mai girki, kowane ɗaya ganye ne. A wurin masana tsirrai kuwa, duk abin nan da kika riƙe, tun daga inda ya manne da itacen har ƙarshensa, ganye ɗaya ne tak da ya rarrabu. Ƙananan su ne Turancin ya ba wancan sunan da ya rikita ki.

Yadda ake ganewa ba shi da wuya, kuma manomi ya riga ya san rabinsa. Ya san ido, wato ɗan kumburin da sabon toho ke fitowa daga gare shi, irin na jikin rake da rogo da dankali. To kowane cikakken ganye yana da ido a hammatarsa, daidai inda tsinkensa ya haɗu da reshe. Ki bi tsinken zogale zuwa gindinsa za ki ga idon a wurin. Ki duba gindin ɗaya daga cikin ƙananan, ba za ki ga komai ba, kuma har abada reshe ba zai fito daga nan ba. Wata alamar ita ce idan ganyen ya tsufa, a ƙarshe tsinken nan gaba ɗaya yake ɓallewa daga jikin itacen ya bar tabo, abin da reshe na gaskiya ba ya yi.

Da kin riƙe wannan sai ki fara ganin abin ko'ina. Tsamiya tana jera nata biyu-biyu a kan tsinke ɗaya kamar gashin tsuntsu, kuma da magariba sukan rufe su haɗe da juna, gari ya waye su buɗe. Gyaɗa huɗu take yi, ita ma tana rufewa da dare. Wake uku. Tafasa shida, biyu-biyu sau uku. Dogon yaro a jere yake yin nasa, masu baki kamar zarto. Ɗorawa da bagaruwa sun rarrabu hawa biyu, nasu ƙanana ne ƙwarai. Kuka ta bi wata hanyar: nata daga wuri ɗaya suke fitowa su bazu kamar yatsun hannu, galibi biyar zuwa bakwai, amma ƙaramar kuka da ta fara tasowa ganye guda take yi marar rabo, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane ta tana ƙarama. Dankalin Turawan da ake nomawa a Bokkos da Mangu, da tumatir, su ma ganyensu rarrababbe ne. Rogo kuwa yana ruɗin mutane. Ganyensa ya tsattsage kamar yatsu, amma idan kika duba tsakiya za ki ga yatsun a haɗe suke, tsagar ba ta kai ƙasa ba, don haka ganye ɗaya ne marar 'ya'ya.

Me ya sa Hausa ba ta ware wa ƙananan suna ba, alhali ta ware wa abubuwa da yawa na tsiro? Tana da toho ga sabon fitowa, tana da kaba ga ganyen goruba da ake saƙa da shi, tana da harawa ga na wake da gyaɗa idan ya bushe ya zama abincin dabba, tana da kuka ga garin ganyen da ake kaɗa miya. Duk inda bambanci yake da amfani a gona ko a madafa, an sa masa suna. Bambancin cikakken ganye da yankinsa bai taɓa canza wa mai miya komai ba, shi ya sa ba a sa ba. Wannan ba gibi ba ne a harshen.

Saboda haka a takardarku ki rubuta yadda matan ke faɗa da bakinsu: "Ki tsige ganyen, ki zubar da tsinkayen, ki wanke, ki shanya a inuwa." Kowace mace da ta taɓa yin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ta san abin da ake tsigewa da abin da ake zubarwa. Ki lura da abu ɗaya: kada ki rubuta "ɗan ganye" kina nufin ƙaramin ganye. A Hausa "ɗan" yana nuna ƙanƙanta, yana kuma nuna kaɗan. "Ki zuba ɗan ganye a kunu" kowa zai fahimce shi da a zuba kaɗan, kuma a takardar da ke koyar da abincin yaro wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Idan awo kike nufi ki faɗi awon, cokali ne ko tafin hannu. Maganar inuwa kuma ki bar ta a ciki ko da wuri ya ƙure, domin rana mai zafi tana rage wasu sinadaran ganyen, musamman wanda jiki ke mayarwa bitamin A.

Malamin aji da ke koyar da ilimin tsirrai shi ne yake buƙatar rabewar. Shawarata gare shi ya ce "ganye mai rabo" ko "rarrababben ganye" ga irin na zogale, "ganye guda" ga irin na mangwaro, ya kira yankunan "ƙananan ganyayyaki". Ya kawo zogale da ganyen mangwaro aji ya nuna idon, yara za su riƙe.

Wata rana kuma za ki ci karo da kalmar nan a rubutun likitocin zuciya. A can tana nufin 'yan fatun da ke buɗewa su rufe a ƙofofin zuciya don kada jini ya koma baya, biyu a ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu, uku a ta dama. Nan ma babu ganye babu takarda. Ƙyauren ƙofar zuciya za ki ce, ko marfinta.

Tun da bugawa za ku yi, bari in ja kunnenki a kan abin da ya fi zaɓen suna haɗari. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta saba wa mutane karatu bayan fitowarta a 1939. Amma har yau shagunan buga takardu da yawa, idan aka kai musu rubutu, kwamfutarsu sai ta zubar da lanƙwasar ko ta mayar da harafin wani ɗan akwati, yaron shagon kuma ya gyara da b da d da k don aiki ya yi sauri. A takardar biki wannan ba komai. A takardar mata masu ciki da masu shayarwa, "ɓari" ya koma "bari", "ƙafa" ta koma "kafa", "ƙashi" ya koma "kashi". Ki ce a fitar miki da gwaji guda kafin a buga sauran, ki zauna a shagon ki bi shi layi-layi da biro. Ya fi kyau ki kai musu aikin a matsayin PDF, don haruffan su tafi yadda kika tsara su.

Kafin ma ki kai maɗaba'a, ki sami mace biyu ko uku cikin masu zuwa awo, ɗaya Bahaushiya, ɗaya wadda Hausa ba harshen gidansu ba ne, ki karanta musu da ƙarfi, sannan ki ce su maimaita miki abin da za su yi idan sun koma gida. Da yawa daga cikin takardun nan ba da ido ake karanta su ba, ɗan firamare ne zai karanta wa uwarsa tana tuƙa tuwo. Jumlar da numfashin yaro ba zai kai ƙarshenta ba, ki raba ta biyu. Inda suka yi shiru ko suka kalli juna, nan ne gyara yake. Idan akwai hali, ki sa muhimman layukan da ajami a bayan fallen, don akwai matan da boko ya wuce su amma allo bai wuce su ba.

Ki kuma kula da abin da takardar ke alƙawartawa. Zogale abinci ne mai gina jiki, yana da furotin da sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi, amma ba ya maye gurbin nonon uwa a wata shidan farko, ba ya maye gurbin rigakafi ko maganin da likita ya rubuta. Idan rubutun Turancin ya faɗi haka, kada ki yanke shi don neman wuri. Idan bai faɗa ba, ki nemi izinin shugabarku ki ƙara.

A can ƙasa ki sa sunan asibitinku da watan da aka buga. Garin nan ya sha wahala tun rikicin 2001, kuma mutanensa sun koyi yin ɗari-ɗari da duk takardar da ke yawo babu mai ita, balle wadda ta shafi abin da za a ba yaro ya ci. A sama kuma ba sai kin rubuta "takardar wayar da kai" ba, wannan sunan na ofis ne da rahoto. Ki sa abin da uwa ke son sani da manyan haruffa, misali "Yadda za ki sa zogale a abincin yaronki bayan wata shida", da hoton hannu yana tsige ganyen a cikin faranti.